Shin Dutse Yana da Haƙƙi a Kanmu?

Masu iya magana sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mu mazauna Abuja muna iya juya wannan karin magana mu ce shiga birni ma ba sanin dutse ba ne, domin kuwa mun shiga birnin, mun yi shekaru a cikinsa, duwatsunsa na kewaye da mu gabas da yamma, amma mafi yawanmu ba mu san su ba sai ta gilashin mota. Matafiyin da ya taso daga Kaduna yakan hangi Dutsen Zuma kafin ya iso Madalla, ya ce alhamdu lillahi an kusa. Ma'aikacin sakatariya yakan ɗaga kai ya ga Dutsen Aso a bayan majalisa da fadar shugaban ƙasa. Hoton Zuma kuwa ya shiga aljihun kowa sa'ad da aka buga shi a bayan takardar naira 100 a shekarar 1999. Duk wannan hange ne. Tambayar da muke son mu tattauna a wannan ɗan rubutu takan zo wa wanda ya sa ƙafa ya hau ne: shin waɗannan duwatsu da halittun da ke zaune a kansu suna da wani haƙƙi a kanmu, ko kuwa kaya ne aka jibge mana mu ɗiba yadda muka ga dama?

A 'yan shekarun nan al'adar hawan dutse ta samu gindin zama a tsakanin matasan Abuja. Duk ranar Asabar da sassafe akan ga ayari-ayari, maza da mata, da takalman gudu da gorunan ruwa, sun nufi tuddan Katampe ko na Mpape ko na Ushafa. Wasu motsa jiki ne ya kai su, wasu ɗaukar hoto, wasu kuwa, in za a faɗi gaskiya, neman abokin rayuwa. Mu ma mun bi irin wannan ayari wata Asabar a ƙarshen damina, muka nufi wani tudu a bayan Ushafa, garin masu ginin tukwanen nan da Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a shekarar 2000. Jagoranmu wani dattijo ne manomi daga cikin Gbagyi, waɗanda Hausawa suka saba kira Gwarawa, Hausa kuwa a bakinsa kai ka ce a Zazzau aka yanke masa cibiya.

Daga gindin tudun mun fara ratsa gonakin doya da dawa, inda aka bar kaɗanya da ɗorawa tsaye jefi-jefi kamar yadda manomi ke barinsu ko'ina a ƙasar nan. Da gonaki suka ƙare sai muka shiga dajin maje da kawo da ciyawa mai tsawon mutum. Can gaba hanya ta faɗa da mu cikin wani kwazazzabo da ruwa ke gangarowa ta cikinsa. Nan take iska ta sauya, sanyi ya ratsa mu, itatuwa suka yi tsawo suka haɗe kai har rana ba ta isowa ƙasa, tsirrai masu yaɗo suna lilo daga rassa kamar igiyoyi, kai ka ce kurmin kudu aka yanko aka ɓoye a tsakanin duwatsu. Ba mu yi minti 20 a cikinsa ba sai ga mu a kan falalen dutse, rana na dukan mu, babu ƙasa babu inuwa. Amma ko nan ba kango ba ne. Ga hano da farin ɓawonsa mai saɓulewa, ga tinya da ruwanta mai guba, ga wani ɓaure da ya cusa saiwoyinsa cikin tsagar da ko wuƙa ba za ta shiga ba. A cikin 'yan ramukan da ruwan sama ya kwanta, talibambam na ta iyo, suna tseren su zama kwaɗi kafin rana ta shanye ruwan. A bakin wani kogo dattijon ya nuna mana kashin rema, 'yar dabbar nan mai kama da zomo mai gajerun kunnuwa, wadda masana suka ce giwa na cikin danginta mafi kusa. Ita kanta ba mu gan ta ba. Ya ce a ƙuruciyarsa sukan fito shan hantsi garke-garke.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wata ciyawa da ta shimfiɗu a kan gangaren dutsen kamar tsohuwar tabarma. Wani daga cikinmu ya ɗaga ƙafa zai bi ta kanta sai dattijon ya ce, "Malam, bi ta kan dutse, wannan ta girmi kakanka." Muka yi dariya muka ce, "Baba, ciyawar ce ta girmi kakanmu?" Ya durƙusa ya ɗaga gefenta a hankali, sai ga baƙar ƙasa a ƙarƙashi, kaurinta bai wuce taƙi ɗaya ba. Ya ce tun yana yaro haka ya san wannan shimfiɗa, bai ga ta ƙaru da abin kirki ba. Daga baya muka fahimci cewa bai yi ƙari a maganarsa ba. Irin wannan ciyawa sananniya ce ga masu nazarin tsirran duwatsun Afirka ta Yamma. Da rani takan bushe ƙamas kamar ta mutu, da saukar ruwan farko kuma ta farfaɗo ta yi kore cikin 'yan kwanaki. Ƙasar da take tsaye a kai ita ta tara abarta, daga matattun ganyayenta da ƙurar da iska ke kawowa, shekara bisa shekara. A cikin wannan 'yar ƙasa ne wasu tsirrai ke samun wurin tsirowa, ƙwari su samu mafaka, ƙadangaru da tsuntsaye su samu abinci. Takalmi guda na iya ɓamɓare ta cikin daƙiƙa ɗaya, ruwan sama ya tafi da ita.

Me ya sa dutse ke tara halittu iri-iri haka a ɗan ƙaramin wuri? Tsawo yana daga cikin dalilai. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kimanin digiri 6 da rabi, saboda haka hawa sama tamkar doguwar tafiya ce zuwa ƙasashen sanyi. Bajamushen nan Alexander von Humboldt ya lura da haka sa'ad da ya hau tsaunin Cimborazo na ƙasar Ikwado a 1802, ya zana yadda tsirrai ke jere hawa-hawa daga gindi har zuwa inda ƙanƙara take. Duwatsun Abuja ba su kai tsawon da za a ga wannan sosai ba. Nasu sirrin yana cikin tsaga da kogo da kwazazzabo, inda gefen rana ya sha bamban da gefen inuwa, wutar daji kuma ba ta isa ko'ina. Wanda yake son ya ga aikin tsawo sai ya tafi Mambila a Jihar Taraba, inda ake noman shayi kuma mutane ke kwana da bargo, ko ya ƙarasa gandun Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991, inda Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Nijeriya, ya kai mita 2,419 a kan iyaka da Kamaru.

Bugu da ƙari, kowane dutse kamar tsibiri yake a tsakiyar fili. Halittar da ta saba da zaman kansa ba ta iya sauka ta ratsa gonaki zuwa wani, don haka takan zauna a keɓe har ta zama iri na daban. Alal misali, a shekarar 1998 wani masanin tsuntsaye Ba'amurke mai suna Robert Payne ya bayyana wa duniyar ilimi wani ɗan tsuntsu mai jan baya, bai kai gwara girma ba, da ke zaune a tsakanin duwatsun Jos, wanda kafin nan ba a rubuta shi a matsayin iri mai zaman kansa ba. Akwai kuma wani tsuntsun da ba ya yin sheƙa, sai ya saka ƙwansa a sheƙar wannan, 'ya'yansa su tashi da kukan mai riƙonsu a baki. In na farkon ya ƙare, na biyun zai bi shi. Mai karatu ya lura da shekarar: 1998, bayan an yi kusan ƙarni guda ana haƙar kuza a wannan yanki.

Muna zaune a ƙololuwar tudunmu muna shan iska sai muka ji wata ƙara daga nesa kamar tsawa, alhali sama garau take. Dattijon ko waiwayawa bai yi ba. Ya ce nakiya ce, ana fasa dutse. Mazauna Abuja sun san wannan ƙara. Tun da Dokar Soja mai lamba 6 ta watan Fabrairu 1976 ta kafa Babban Birnin Tarayya, har aka tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba 1991, har zuwa yau, da tsakuwar duwatsunsa ake gina birnin. A watan Satumba na 2018 ƙasa ta yi motsi a Mpape da unguwannin da ke kusa, mutane suka firgita, hukumar birnin ta dakatar da fasa dutse a yankin na wani lokaci, ko da yake masana sun yi saɓani a kan musabbabin motsin. A 2020 kuma, lokacin kullen korona, wani tsohon ramin fasa dutse a Mpape da ruwa ya cika ya zama wurin shaƙatawa, matasa suka yi ta tururuwa suna ɗaukar hoto a bakinsa. Wurin yana da kyau, ba mu musa ba. Amma abin tunani ne a ce tabon da aka yi wa dutse ya fi jan jama'a a kan dutsen da ba a taɓa ba.

Wajibi ne mu yi wa mai fasa dutse adalci, domin hujjarsa ba ƙarama ba ce. Zai ce mana: ku masu kukan, a ina kuke kwana? Gidajenku, da azuzuwan da kuke karatu, da asibitin da aka haifi 'ya'yanku, da titin da ya kawo ku gindin wannan tudu, duk daga cikin dutse aka fitar da su. Zai nuna mana direban tifa da lebura da matan da ke zaune cikin rana suna farfasa dutse da guduma suna tara tsakuwa, ya ce waɗannan ma halittu ne, kuma suna da 'ya'ya masu jiran abinci. Zai ƙara da cewa mai ƙoshi ne kaɗai ke hawan dutse don nishaɗi, talaka in ya hau, itace ya je nema. Duk wannan gaskiya ne, mu kuwa da muka zo da mota muka sauka da takalma masu tsada ba mu da bakin musa shi.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce a lissafa amfanin dutse. Akan ce yana riƙe ruwa ya sake shi sannu a hankali zuwa rafuka, irin waɗanda ke cika madatsar Usuma da birnin ke sha daga gare ta. Akan ce tsirransa magani ne, ga hano shaida, wanda Bahaushe ya daɗe yana jiƙa sassaƙensa. Akan ce wataƙila maganin wata cuta na nan a jikin tsiron da ba a bincika ba tukuna. Wannan amsa daidai ce, amma muna ganin ba ta isa ba, har ma tana da hatsari. Wanda ya kafa kariyarsa a kan amfani ya riga ya yarda a kai maganar kasuwa, a kasuwa kuwa tifar tsakuwa tana da farashi yau, talibambam ba shi da shi. Ranar da aka tabbatar cewa 'yar ciyawar nan ba ta maganin komai, me ya rage mu ce? Sai dai mu sa hannu a ɓamɓare ta.

A tunanin Bahaushe haƙƙi bai taɓa dogara ga amfani ba. Maƙwabci yana da haƙƙi ko da bai taɓa ara maka allura ba, haka baƙo, haka mahaukacin unguwa. Tun muna yara muka ji labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Babu inda aka ce kyanwar tana kama ɓera, ko karen yana gadi. Abin da ya ba su haƙƙi shi ne suna da rai, kuma sun faɗo ƙarƙashin ikon mutum. Alƙur'ani mai girma, a Suratu Faɗir, ya jera bambancin launukan duwatsu tare da na 'ya'yan itace da na mutane da dabbobi a cikin abubuwan da ake son mai hankali ya duba. A ƙarshen Suratul Ahzab kuma an ambaci amanar da aka bijiro wa sammai da ƙasa da duwatsu suka ji tsoron ɗaukarta, mutum ya ɗauka. Tafsirin amanar na malamai ne. Abin da muka ɗauka a nan kaɗan ne, wato dutse ba za a tambaye shi ba, mu za a tambaya. Mai gardama zai ce mun zame, mun fara da dutse mun koma kan kyanwa, alhali dutse ba shi da rai. Haka ne. Amma dutse gida ne, wanda ya rushe gida kuwa ba zai ce bai taɓa masu gida ba don kawai bai ɗora musu hannu ba.

Akwai kuma wani bambanci da muke ganin shi ne ginshiƙin maganar, wanda ko mutumin da bai tsaya kan hujjar addini ba zai iya karɓa. Ba kowace ɓarna ce ɗaya da 'yar'uwarta ba. Manomi ya share daji, in ya bar gonar ta yi saura daji zai dawo. Makiyayi ya kiwata ciyawa, damina za ta mayar. Mai gatari ma, in bai tumɓuke kututture ba, itace zai yi toho. Nakiya ba haka take ba. Masana ƙasa sun ce duwatsun wannan yanki sun haura shekara miliyan 500, babu kuwa daminar da za ta mayar da wanda aka niƙe. Abin da ba a iya mayarwa ba na masu rai a yau ba ne su kaɗai, waɗanda ba a haifa ba suna da kaso a ciki, kuma ba sa nan balle a nemi yardarsu. Matsayinmu ke nan ya yi kama da na mai riƙon dukiyar maraya, wanda aka yarje wa ya ci gwargwadon buƙata in shi matalauci ne, amma ba a yarje masa ya cinye uwar dukiyar ba. Bisa ga haka ba mu ce a daina fasa dutse ba, birni ba ya ginuwa da iska. Cewa muka yi a sani kafin a fasa, a zaɓi wanda za a sadaukar da idon basira, a ware waɗanda ba za a taɓa ba ko nawa aka taya. Nijeriya tana da dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli tun 1992. Sai dai mai tantancewa ba ya ƙirga abin da bai san da shi ba, tsuntsun Jos kuwa ya nuna mana yadda rashin sani ke daɗewa.

Kakanninmu sun bar duwatsu ne da tsoro. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala, Kufena da Kwatarkwashi kuma kowanne da nasa labaran iskoki. Zuma mafaka ne ga mutanen da ke kewaye da shi a zamanin yaƙe-yaƙe, duwatsun wannan ƙasa kuma suna cikin abin da ya tsare Zazzagawan da suka biyo Sarki Muhammadu Makau kudu a lokacin jihadi, har ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja. Ba muna kira a koma ga tsafi ba ne, Allah ya kiyaye. Amma tsoron nan ya yi aikin gadi na ɗaruruwan shekaru ba albashi, da muka sallame shi kuwa ba mu ɗauki wani a madadinsa ba. Duk wanda ya ga yadda gidaje suka matse Dala har gindi ya san abin da muke nufi.

Mu masu hawa don nishaɗi kada mu ɗauka hannunmu a wanke yake. A kan hanyarmu mun tarar da ledoji da robobin ruwa a cikin kwazazzabon nan mai sanyi, mun ga inda wasu suka rubuta sunayensu da fenti a jikin kogo, mun kuma haɗu da ayarin da ke tafe da na'urar kiɗa mai ƙarar da za ta kori duk wani mai fuka-fuki. Ƙafa ɗari biyu a kowace Asabar ba nakiya ba ce, amma ga shimfiɗar ciyawar nan bambancin kaɗan ne. Akwai kuma wata magana da ke yawo a bakinmu, wai mun gano sabon wuri. Sabo ga wa? Tudun yana da suna da masu shi tun kafin a zana taswirar birnin, wasu daga cikin danginsu kuma an tashe su daga ƙauyukansu an mai da su wurare irin su Kubwa da Sabon Wuse domin a samu filin da muke zaune a kai. Duk da haka muna ganin hawan ya fi hangen, saboda dalili guda: wanda ya hau ya gani, wanda ya gani kuwa ya zama shaida. Mai mota yana iya cewa bai san akwai komai a can sama ba, a karɓi uzurinsa. Mu wannan uzuri ya kuɓuce mana tun sa'ad da dattijon ya ɗaga gefen ciyawar.

A nan ne maganar ta iso ƙofar sashenmu na Hausa. Sani yana farawa da suna. A 1916 wani likita ɗan ƙasar Sikotilan mai suna J. M. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa, kuma har yau sunan da masana kimiyya suka raɗa wa hano yana ɗauke da sunansa, itacen da Bahaushe ke kira hano tun kafin a haifi kakan likitan. Ba laifinsa ba ne, shi ya zauna ya rubuta. Fiye da shekara 100 bayan haka, ɗalibanmu nawa ne za su iya bambance maje da kawo in an kai su daji? Muna rubuta kundin digiri a kan karin magana da waƙoƙin makaɗa, abin a yaba, amma kalmomin da ke kan dutse suna tafiya tare da tsofaffin da suka riƙe su.

Dattijonmu ya ambaci sunayen tsirrai a hanya fiye da yadda za mu iya ƙirgawa, kowanne da Gbagyi, mafi yawa kuma da Hausa, yana faɗin wanda ake ba mai jego da wanda akuya ba ta ci. Dukanmu muna riƙe da waya, mun ɗauki hotuna ɗaruruwa, babu wanda ya rubuta ko suna ɗaya. Da muka sauko muka yi masa godiya muka sallame shi, ya ce mu gaida gida, in za mu dawo mu bari sai an gama haƙar doya. A hanyar komawa wata tifa ta shiga gabanmu maƙare da tsakuwa, ƙurarta na sauka a kan gilashi, muka bi ta a hankali har Dutsen Alhaji. A nan ne wani daga cikinmu ya tambayi sunan da Baba ya kira ciyawar nan da shi a yarensu. Muka yi ta laluben ƙwaƙwalwa, kowa ya kawo abin da ya ji kamar shi ne, ba a samu biyu da suka dace ba.